Fuskar da Ke Jikin Jarka

Duk wanda ya zauna a unguwar Zango ta Kwatano ya san jarka. Da ita ake ɗebo ruwa, da ita ake auna manja, a kanta mai shayi yake zama. Fiye da haka kuma, da ita ake shigo da fetur daga Nijeriya ta ɓarauniyar hanya, wanda mutanen ƙasar suke kira "kpayo", watau abin da ba na ainihi ba. Ana juye shi cikin manyan kwalabe a bakin titi, 'yan zemijan masu rawayar riga suna tsayawa su saya. Sunan jarka ma yana da tarihi. Jamusawa ne suka ƙera ta ƙarfe kafin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Ingila kuwa suna yi wa Jamusawa laƙabi da "Jeri", sai sunan ya bi gwangwanin har ya iso bakin Bahaushe.

Wani mai zane da sassaƙa ɗan Porto-Novo, Romuald Hazoumè, wanda aka haifa a 1962, ya dubi wannan abu da kowa ya raina, ya ga fuskar mutum. Idan aka yanke saman jarkar roba aka rataye shi a bango, mariƙin ya zama hanci, bakin zuba mai ya zama baki a buɗe. Sai ya ƙara mata gashi da waya, ko tsintsiya, ko tsumma, ko gashin tsuntsu. Wata fuskar kamar tana mamaki, wata kamar tana ihu, wata kuma kamar matar da ta fito daga wurin kitso. Da wuya mutum ya gan su bai yi murmushi ba.

Ƙarfin aikin nan yana cikin sauƙinsa. Hazoumè bai ɓoye jarkar ba. Lanƙwasa da ƙuna da tabon mai duk suna nan, gama masu fasa-ƙwauri sukan gasa jarka da wuta ta kumbura domin ta ƙara ɗaukar mai. Mai kallo yana ganin fuska, yana kuma ganin wahalar da fuskar ta sha. Akwai kuma ba'a a ciki. Turawa sun daɗe suna kwasar fuskokin katako na Afirka zuwa gidajen tarihinsu. To, ga mai sassaƙa ya ce tunda fuska suke so, bari a aika musu da wadda aka yi da sharar masana'antu.

Wasu masu bi sukan yi ɗari-ɗari da kowace irin fuskar rufi, don sun san Egungun da Gelede da Zangbeto a wannan ƙasa. Ya kamata a bambanta. Waɗannan jarkuna ba mai sa su ya yi rawa, ba mai yi musu hadaya. Hotuna ne na talaka mai neman abinci, kuma kallonsu ba sujada ba ne.

Babban aikinsa shi ne "La Bouche du Roi", watau Bakin Sarki, sunan wurin da kogin Mono yake shiga teku kusa da Grand-Popo. Ya yi shi tsakanin 1997 da 2005. Ya jera jarkuna 304 a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa, bisa fasalin tsohon zanen jirgin bayi mai suna Brookes, wanda masu yaƙi da bauta a Ingila suka buga a ƙarshen ƙarni na 18. Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan ya nuna shi a 2007, shekara 200 bayan dokar 1807 da ta hana cinikin bayi a jiragen Ingila. A wannan shekara kuma aka ba shi lambar yabo ta Arnold Bode a bikin documenta a Kasel, ƙasar Jamus. A nan dariya ta ƙare. Bakin da ya ba mutum dariya a bango, da aka kwantar da shi cikin jirgi sai ya zama bakin mai neman numfashi.

Duk da haka akwai abin faɗi. Na farko, kwatanta mai dakon fetur da bawa yana da iyaka. Talauci ne ya tura ɗaya, sarƙa ce ta ja ɗayan, kuma mai kallo da bai yi tunani ba zai iya haɗa su wuri guda. Na biyu, dabarar fuskar jarka ɗaya ce, idan ta yawaita ido yakan saba, mamakin ya ragu. Na uku shi ne mafi nauyi: yawancin fuskokin nan suna Turai da Amurka. Gidauniyar Zinsou ta kyauta da ta buɗe ƙofarta a Kwatano a 2005 da nunin ayyukansa, amma mai sayar da mai a Zango, wanda jarkarsa ce aka ɗaukaka, ba shi ne yake cika ɗakunan nuni ba. Wanda ya rataye fuskar a falonsa a Faris yana iya dariya bai san warin fetur ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yoyon kuwa ba ƙarami ba ne. A watan Mayu 2023 Nijeriya ta janye tallafin mai, farashin kpayo ya tashi, iyalai da yawa suka ji a jikinsu. A watan Satumba na shekarar, wani rumbun fetur ya kama wuta a Seme-Krake, kan iyaka, mutum fiye da 30 suka mutu.

Saboda haka aikin Hazoumè ya cancanci yabo, domin ya sa an dubi abin da ido ya saba tsallakewa. Amma ba a gama fahimtarsa ba sai mai kallo ya tuna da mutumin da ya ɗaure jarkar a bayan babur, ya kama hanyar iyaka da asuba.