Ba Kowane Motsi Ne Fitina Ba

Akwai wata al'ada ta masu juya Turanci zuwa Hausa wadda ya kamata a duba. Turawa suna da kalmomi da dama na motsa abu da hana shi kwanciya, kamar su *stir*, da *trouble*, da *disturb*, da *agitate*. Amma sau da yawa in tafinta ya gamu da ɗayansu, sai ya ce "ta da fitina," ya wuce abinsa. Wannan garaje ne, gama ko wace kalma da asalinta, da kuma nauyinta.

*Stir* ita ce 'yar gida, tun tsohon Ingilishi a ke faɗinta. Ma'anarta motsawa, kamar yadda a ke motsa miya a tukunya. Mai barci ma in ya motsa, da ita a ke faɗi. Babu zargi a cikinta.

*Trouble* da *disturb* kuwa baƙi ne. Daga bakin Faransawa suka shiga, bayan mutanen Normandi sun ci Ingila a 1066. Tushensu Latin ne, watau harshen Rumawan da, kakarsu kuwa *turba*, wadda a ke nufin cincirindon jama'a mai hayaniya. A cikin danginta har da sunan ruwan da aka gurɓata, laka ta taso. Bahaushe ma hanyar nan ya bi, don daga "dama" ya sami "damuwa": zuciya ce aka dama kamar fura. Fassararsu ke nan a kusa, ba sai an je nesa ba.

Inda ɓarnar ta fi yawa shi ne wajen *agitate*. Asalinta *agere*, watau kora, kamar yadda makiyayi ke kora shanu. Daga nan aka sami *agitare*, yawan korawa ba hutawa. A 1647, bayan sojan Majalisar Ingila sun ci Sarki Charles na Ɗaya da yaƙi, sai aka riƙe musu albashi. Rundunoni suka zaɓi wakilai don su kai kukansu, aka kira wakilan nan *agitators*, watau masu tafiyar da al'amarin 'yan'uwansu. Cikin watan Oktoba na shekaran nan har suka zauna da Oliver Cromwell a wata majami'a a Putney, suna muhawara kan wa ya cancanci jefa ƙuri'a. Haka kuma Daniel O'Connell, wani lauya na ƙasar Ailan, ya yi ta tara jama'a ba da makami ba, har a 1829 aka yarda 'yan Katolika su zauna a Majalisa. Abokan gabansa suka riƙa kiransa *agitator* don zagi, mutanensa kuwa suna kiransa mai 'yantarwa. Ashe kalmar fuska biyu gare ta: tana ɗaukar mai zuga tarzoma, tana kuma ɗaukar mai neman hakki da baki.

To, "fitina" ba ta da fuska biyu a kunnen Bahaushe. Malaman lugga sun ce asalinta a Larabci sanya zinariya cikin wuta ne don a rarrabe ta da gami, amma a Hausa ta zama sunan abin da a ke neman tsari da shi. Wanda aka laƙaba wa ita ya sha kaye tun bai buɗe baki ba.

Sabo da haka tafintan da ya ce "mai ta da fitina" alhali takarda *agitator* ta ce, ya bar aikinsa ya kama na alkali. Abin da ya wajaba gare shi shi ne ya duba abin da mutumin ya aikata. In zuga ya yi, a ce ya zuga. In kuka ya kai, a ce ya kai kuka. Mai karatu kuma, in ya ga "fitina" cikin fassara, ya tambaya tukuna: miya aka motsa, ko kuwa ruwan sha aka gurɓata?