Tiyar da Ake Awon Ƙasashe da Ita: Sharhi kan Rahoton PNUD

Tun shekarar 1990 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da raya ƙasashe, wadda aka fi sani da PNUD, take wallafa rahoto kan ci gaban ɗan Adam. A cikinsa akwai jadawalin da ke jera ƙasashe daga ta fari har ta ƙarshe, shi ne kuma abin da rediyo ke karantawa, har ya iso cikin aji. A rahotannin 2005, 2006, 2009 da 2020, Nijar ce ta zo ƙarshe. Wasu suka ce ƙazafi ne, wasu suka sunkuyar da kai kamar an yanke hukunci. Dukkansu jadawalin suka duba, suka bar littafin a rufe.

Adalci shi ne a fara da yabon aikin. Mahbub ul Haq na Pakistan da Amartya Sen na Indiya, waɗanda suka ƙirƙiro wannan ma'auni, sun yi shi ne don karya al'adar auna ƙasa da kuɗinta kaɗai. Suka haɗa abu uku: tsawon rai, ilimi da kuɗin shiga. Da wannan tiya aka gane cewa Sirilanka, duk da ƙarancin dukiyarta, ta raya ƴaƴanta ta kuma karantar da su, alhali Gini Ikwatoriya mai arzikin man fetur ta bar talakawanta a baya. Wannan kaɗai ya isa a girmama rahoton.

Sai dai tiya ɗaya da aka zuba gero da dawa da wake a ciki ba ta faɗa maka yawan kowanne. Mu ɗauki maƙwabciyarmu Najeriya. A rahoton 2020 tana ta 161, Nijar tana ta 189. Kuɗin shigar ɗan Najeriya ya ninka na ɗan Nijar kamar sau huɗu, shekarun karatunsa sun ninka kamar sau uku. Amma a wannan rahoton, jaririn da aka haifa a Nijar ana sa ran ya yi shekara 62 a duniya, na Najeriya kuwa bai kai 55 ba. Wanda ya tsaya a jadawali ba zai taɓa sanin haka ba. Haka kuma matsakaicin lissafi na ƙasa yakan haɗa Legas da Katsina, ya haɗa Yamai da ƙauyukan Tawa, alhali manomin Maraɗi ya fi kama da na Katsina a zaman duniya fiye da yadda kowannensu ya yi kama da mutumin babban birninsa.

Aibi na biyu shi ne, jadawali yana nuna inda ka tsaya, ba ya nuna nisan da ka yi. A 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 226 ke mutuwa kafin su cika shekara 5. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128, bayan yaɗuwar ɗakunan shan magani a karkara, da rabon gidan sauro, da magani kyauta ga ƙananan yara daga 2006. Duk da haka a wannan shekara ta 2009 aka sa ƙasar a ƙarshe. Tun gyaran da aka yi wa ma'aunin a 2010 kuma, ana ƙirga shekarun karatun waɗanda suka kai shekara 25, ke nan lakwal ɗin da ba a gina ba shekaru talatin da suka wuce tana nan tana jan ƙasa baya.

Aibi na uku ya fi shafar mu masu hidimar al'adu. Karatun boko ake ƙirgawa. Malamin Damagaram da ya haddace Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da ajami, sau da yawa yakan faɗa cikin sahun waɗanda ba su yi karatu ba. Gawo da sauran itatuwan da manoman Maraɗi da Damagaram suka raya a gonakinsu tun shekarun 1980, a fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5, su ma ba su da gurbi a jadawalin.

Kada fa wannan suka ta zame mana mafaka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yunwar 2005 ta faru, mun binne yara. Shekara biyu kacal na karatu ga babban mutum, kamar yadda rahoton 2020 ya nuna, abu ne da ajami ba zai rufe ba, musamman ga ƴan mata da ake cirewa daga aji kafin su ƙare firamare. Tiyar tana da gajarta, amma abin da ta auna gaskiya ne.

Don haka, ya ku malamai, in rahoton ya fito kada ku rubuta wa yara lambar ƙarshe a allo ku wuce. Ku warware musu ginshiƙan uku ɗaya bayan ɗaya, ku kwatanta Nijar da Mali, da Burkina Faso, da Cadi, ku kwatanta ta da kanta ta shekaru ashirin baya. Ƙungiyoyin al'adu kuma su ɗauki nauyin mayar da waɗannan shafuka cikin Hausa, domin wanda aka auna shi ya fi kowa cancantar sanin tiyar da aka auna shi da ita.