Ranar da aka ƙone Baba Kirsimeti: sharhi kan maƙalar Lévi-Strauss

A ranar Lahadi 23 ga Disamba 1951, a birnin Dijon na ƙasar Faransa, an rataye mutum-mutumin Baba Kirsimeti a jikin ƙarafan babbar majami'ar garin, sannan aka cinna masa wuta a gaban yara wajen 250. Limaman cocin Katolika na garin ne suka amince da a yi hakan. Laifin da suka ɗora wa wannan tsoho mai jar riga da farin gemu, wanda Faransawa ke kira Père Noël, shi ne ya ƙwace bikin haihuwar Yesu Almasihu, ya mai da shi ranar ciniki da rabon kayan wasa, har ya kutsa makarantun gwamnati inda doka ta hana a saka siffar haihuwar. Abin dariya, nan take aka sanar cewa tsohon zai tashi daga matattu, zai yi wa yara jawabi daga rufin ma'aikatar magajin gari, alhali shi magajin garin, Félix Kir, limamin coci ne.

Wannan rigima ce ta sa masanin al'adu Claude Lévi-Strauss ya rubuta maƙalarsa mai suna Le Père Noël supplicié, wato Baba Kirsimeti da aka yi wa azaba, wadda ta fito a mujallar Les Temps Modernes a 1952. Gajera ce, ana iya karance ta a zama ɗaya, amma har yau da wuya a yi zancen ma'anar Kirsimeti a Faransa ba a ambace ta ba. Na sake karanta ta, kuma ina ganin marubucin ya gano abu na gaske, sai dai ya rufe kunnensa ga mutanen da yake magana a kansu.

Ga yadda ya gina hujjarsa. Da farko ya yarda cewa tasirin Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya bikin a Faransa: manyan bishiyoyi masu fitilu a mararraba, takardun naɗe kyauta masu zane, katunan gaisuwa, da mutanen da ke sa jar riga a manyan kantuna suna sauraren buƙatun yara. Amma a ganinsa Amurka ta farkar da tsofaffin al'adu ne kawai, waɗanda dama suna kwance a Turai. Daga nan ya ce Baba Kirsimeti abin bauta ne na rukunin masu ƙananan shekaru. Yara na yi masa addu'a ta wasiƙa, yana saka wa mai kirki, yana hana mai ƙiriniya. Bambancinsa da sauran abubuwan bauta shi ne manya ba su yarda da shi ba, amma su ne ke ƙoƙarin ganin yara sun yarda.

Sai ya tambaya: me manya ke samu a wannan ruɗi? Don ya amsa, ya tafi wurin ƙabilun Pueblo na kudu maso yammacin Amurka, inda manya ke rufe fuska su fito a matsayin kachina, ruhohin magabata, su yi wa yara kyauta ko horo. Ya kuma koma Roma ta dā, ga bikin Saturnalia na watan Disamba, lokacin da iyayen giji ke yi wa bayi hidima, ake naɗa sarkin wasa na ƴan kwanaki. Ya haɗa da al'adar yaran Turai ta bin gida-gida a lokacin sanyi suna waƙa ana ba su abin hannu. Abin da ya fitar shi ne: idan dare ya yi tsawo, rana ta gajarta, mutanen dā na jin matattu sun kusanto, kuma yara, da yake ba su gama shiga cikin jama'a ba, su ne ke wakiltar waɗannan baƙin. Wanda ya ba yaro kyauta a ƙarshen shekara, lallashin mutuwa yake yi, yana roƙon a bar shi ya ga baɗi. Ya rufe da cewa limaman Dijon, da suka ƙone tsohon, sun maido masa da matsayinsa na sarkin da ake sadaukarwa, sun raya abin da suka so kashewa.

Inda na yarda da shi shi ne cewa buƙatar da ke sa mutum yin biki ba ta mutuwa don majami'u sun ragu da jama'a. Shekaru saba'in da suka biyo baya sun goyi bayansa. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, a karon farko waɗanda suka ce su Kiristoci ne ba su kai rabi ba, kashi 46.2 cikin ɗari, masu cewa ba su da addini kuma kashi 37.2. Duk da haka ranar 25 ga Disamba ƙasar tana tsayawa cik, jiragen ƙasa ba sa tafiya, dangi na taruwa a kan akushi ɗaya. Mutumin da bai taka ƙofar coci ba tun yana yaro yana jin nauyin ya bar uwarsa ita kaɗai a wannan rana. Wannan nauyin ba kantuna suka ƙirƙiro shi ba.

Inda na rabu da shi kuwa wuri biyu ne. Na farko, sarƙar da ya ƙulla ta kamanni ce kawai. Babu wata hanyar tarihi da ta haɗa kachina da Dijon, kuma har batun cewa an zaɓi 25 ga Disamba ne don a rufe bikin maguzawan Roma, masana tarihi sun rabu a kai. Bikin ya bayyana a rubuce a Roma tun shekara ta 336, kuma wasu na ganin an samo ranar ne ta ƙirga wata tara daga 25 ga Maris, ranar da coci ke tunawa da ɗaukar cikin. Kama da wane ba ta wane.

Na biyu ya fi nauyi. A duk maƙalar ba a bai wa mai imani damar ya faɗi abin da yake nufi ba. Limamin da ya ce bikin na haihuwar Almasihu ne, Lévi-Strauss ya ɗauke shi kamar ɗan wasan da bai san wasan da yake ciki ba. Mai karatu Bahaushe zai gane matsalar idan ya tuna tashe. Daga goma ga watan azumi yara ke bin gidaje a Damagaram ko Maraɗi suna wasa, ana ba su hatsi ko ƴan kuɗi. Da wannan ma'auni aka auna su, sai a ce yaran matattu ne da suka dawo, uwar gidan da ta ɗebo gero kuma tsoron mutuwa ne ya motsa ta. Ita kuwa idan ka tambaye ta za ta ce sadaka ce a wata mai alfarma, tana neman lada. Masani na iya ganin abin da ita ba ta gani ba, amma bayanin da ya share amsarta gaba ɗaya ya bar rabin labarin a waje.

Wannan sharewa ta fita daga littafi ta shiga kotu. Dokar 9 ga Disamba 1905, wadda ta raba coci da gwamnati a Faransa, ta hana a sashe na 28 a kafa alamar addini a gine-ginen hukuma. Amma wasu hukumomi sun ci gaba da ajiye siffar haihuwar a zaurukansu: ƴan mutum-mutumin jariri a komin dabbobi, da Maryamu, da Yusufu, da makiyaya. Ƙungiyoyin masu rajin raba addini da mulki suka kai ƙara kan garin Melun da jihar Vendée. A ranar 9 ga Nuwamba 2016, Conseil d'État, kotun ƙoli mai duba ƙararrakin hukumomi, ta yanke cewa siffar tana da ma'anoni da yawa, kuma ana iya ajiye ta na ɗan lokaci a ginin hukuma idan ta nuna al'ada, ko fasaha, ko shagalin biki, muddin ba ta nuna fifita wani addini ba.

A duba abin da wannan hukunci ke buƙata daga Kirista. Idan yana son siffar ta zauna a zauren magajin gari, dole lauyansa ya tsaya gaban alƙali ya nuna cewa ado ce kawai irin ta kakanni. Ya ci shari'a ke nan ta hanyar musanta abin da ya sa siffar ke da daraja a wurinsa. Tarihin siffar kansa ya sa abin ya fi ciwo. Francis na Assisi ya shirya irinta da dabbobi masu rai a ƙauyen Greccio na Italiya a 1223 don talakawa su ga talaucin da aka haifi Almasihu a ciki. A yankin Provence, lokacin da juyin juya halin Faransa ya rufe majami'u, mutane suka riƙa ajiye ƙananan siffofi a ɗakunansu, daga nan sana'ar santons ta yumɓu ta bunƙasa, kasuwarsu ta Marseille kuma tana ci tun 1803. Waɗancan mutane sun ɓoye siffar a gida ne domin tana faɗin abin da hukuma ba ta so a ji.

Saboda haka ina ganin limaman Dijon sun hango hatsari na gaske, sai dai sun kama wanda ba shi ne ɓarawon ba. Tsohon mai jar riga, wanda asalinsa ma Nicholas ne, bishop na Myra a ƙarni na huɗu, a ƙasar Turkiyya ta yau, bai kori jaririn daga komi ba. Jaririn na nan a kantuna da zauruka, an dai mai da shi kayan gado da kowa zai iya kallo ba tare da an nemi komai daga gare shi ba. Hanyar karatu irin ta Lévi-Strauss, wadda ke ɗaukar kowane imani a matsayin sabuwar riga a kan tsohon tsoro, ta taimaka wajen share wa wannan sauyi fage, ko da bai yi niyya ba.

Duk da haka ina ba da shawarar a karanta maƙalar, musamman mu da ke ƙasashen da suka gaji tsarin mulkin Faransa, inda 25 ga Disamba ranar hutu ce ko a Nijar mai rinjayen Musulmi. Za ta koya wa mai karatu ya dubi abin da hannu ke yi a ranar biki, ya tambayi dalilin da ya sa kyauta ke gangarowa daga babba zuwa yaro. Idan ya gama, sai ya yi abin da marubucin bai yi ba, ya je ya tambayi maƙwabcinsa Kirista abin da daren 24 ga Disamba ke nufi a gidansu, ya kuma saurari amsar har ƙarshe.