Jinjina ga Ɗaliban Zango na Uku a Tamale

Magabatan Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa, wadda aka kafa a Tamale ta arewacin Gana a shekarar 1992, sun yi wani ijtihadi da ya cancanci yabo, domin sun raba shekarar karatu zango uku, suka kuma wajabta wa ɗalibi ya bar ɗakin darasi a zango na ƙarshe, ya tare a ƙauye na tsawon makonni, yana shan ruwan da jama'ar garin suke sha. A can mai koyon likitanci da mai nazarin noma sukan zauna gaban dattawa da ladabi, su ƙidaya gidaje da rijiyoyi, su tambayi manomi abin da ya cinye masa dawa, sa'an nan su rubuta bayanin da malamansu za su auna kamar yadda suke auna jarrabawa. Wahala kuwa akwai ta, ga sauro, ga hanyar damina da takan gagari mota. Amma abin da ya fi burge ni shi ne tawali'un saurayin birni, wanda jiya yake taƙama da littafi, yau ga shi durƙushe yana neman fatawa wurin tsohuwa mai sarrafa man kaɗanya.