Fadar Da Ke Cikin Finafinanmu, Ta Wane Gari Ce?

Mai karatu, tsakaninka da Allah, a cikin finafinan sarauta da ka kalla, sau nawa ka ga fadar da ta yi kama da ta garinku? Kwanan baya a nan Dakko muna kallon wani mai dogon zango a waya, sai wani dattijo da ya daɗe yana zuwa gaisuwar salla fadar Sarkin Mafara ya leƙo. Bai yi minti biyu ba ya ce, "Wanga sarki a otal yake kwana?"

Gaskiyarsa. Falo ne mai tayil da kujerun kanti, an rataya labule mai ƙyalƙyali. Babu zaure, babu soro, baƙo daga ƙofa sai gaban sarki, har da miƙa masa hannu! Shi kuma mai martaba sai zuba yake kamar dillalin Kantin Kwari, alhali sarkin gaske maganarsa kaɗan ce, fadawa ne ke amsa gaisuwa a madadinsa. Rawani mai kunne biyu kuwa, wanda a Kano na sarki ne da 'ya'yan gidan, an naɗa wa har mai riƙe da laima.

Tun da Sangaya ta yi kasuwa, inda Ali Nuhu ya fito ɗan sarki, Fati Mohammed kuma baiwar gidan, furodusoshi suka gane alkyabba na sayar da fim. Amma yawancinsu alkyabbar kawai suka ɗauka.

Za su ce maka ba a bari a kafa kyamara a Gidan Rumfa. Na yarda, gida ne da iyali ke ciki, ba kamar fadar Basai ta Faransa ba, wadda aka mai da gidan tarihi tun 1837, har Sofia Coppola ta samu izini ta ɗauki Marie Antoinette a cikinta, fim ɗin ya fito a 2006. To amma Gidan Makama fa? Ga shi nan daura da fadar, a buɗe ga kowa. A nan Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau mulki a 1463. Ka shiga ka ɗaga kai ka ga yadda magina suka ɗaure bakan gizo da azara, ka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, da sulke, da kayan doki. Kuɗin shiga bai kai na abincin rana ɗaya a lokeshin ba. Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar a 1976, ba shi da rabin na'urorin yau, amma tufafi da gine-ginen ciki ba sa ba mutum kunya.

Abin da ya fi ci min rai, fada ɗaya ake yi wa kowa, wadda ba ta Kano ba ce, ba ta Katsina ba. Mu nan muna da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun, kowanne da tarihin sarautarsa, da kirarinsa, da tambarinsa. Ban taɓa ganin darakta ya zo ya zauna da sankira ko tsohuwar jakadiya ya yi tambaya ba. (Na sani, hanyar ba daɗi yanzu, amma ai akwai waya.) Masu sanin nan tsufa suke, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, yaranmu kuwa daga fim suke koyon sarauta. Ƙanena da ke aji uku na sakandare ya rantse min cewa dogari baƙin kwat yake sawa, don haka ya gani.