Matafiya Biyu a Duniyar da Ba Kowa: Nazarin "Enemy Mine" na Barry Longyear

A cikin ƙagaggun labaran kimiyya akwai wani iri wanda marubuta ba su gajiya da komawa gare shi, watau labarin matafiya biyu da kumbonsu ya lalace, suka faɗa wata duniya inda ba gari ba mutum, ba kuwa mai jin kiransu. Tushen wannan iri ya girmi kumbo nesa. Tun cikin 1719 Daniel Defoe ya kafa shi da littafinsa Robinson Crusoe, na baya kuwa sai suka ɗauke tsibirin daga teku suka kai shi cikin taurari. Galibinsu sun gaji har da halin Crusoe. Shi ne ya ceci wani baƙo, bai tambaye shi sunansa ba, ya raɗa masa sunan ranar da ya same shi, watau Juma'a, ya koya masa Turanci, ya kuma koya masa ya kira shi ubangida.

Da wannan awo ya kamata a auna "Enemy Mine", ma'ana "Maƙiyina", labarin da Barry Longyear, mutumin Amurka, ya buga cikin mujallar Isaac Asimov a 1979, wanda ya ci lambobin Hugo da Nebula. Ana yaƙi tsakanin 'yan Adam da wata al'umma da a ke kira Drac, masu rawayar fata da yatsu uku. Matuƙan jirgin yaƙi biyu, Willis Davidge da Jeriba Shigan, suka harbo juna, suka faɗo a wata duniya mai suna Fyrine ta Huɗu. Da farko kowa na neman ran ɗan'uwansa, sai igiyar teku ta zo za ta cinye su duka, dole suka haɗa hannu. Daga nan sai kogo, da naman maciji, da tufafin fatarsa, da hunturu mai tsawo.

Wannan sashe na neman abinci da mafaka an rubuta shi da kyau, amma ba abin da ke cikinsa wanda wani bai riga ya yi ba. Inda labarin ya rabu da 'yan'uwansa shi ne wajen magana. Gaskiya ne Davidge ya fara da ɗabi'ar Crusoe, gama ya gutsure sunan abokin zamansa ya mai da shi Jerry, don ya yi masa sauƙi a baki. Amma koyon harshe bai tsaya gefe guda ba. Tun suna zage-zage a ke ganin haka: Davidge ya zagi Shizumaat, babban malamin Drac, shi kuwa Shigan ya rama da zagin Mickey Mouse, yana zaton shi ne shehin malaman 'yan Adam. Abin dariya ne, amma a nan mai karatu ya ke fara gane wanda ya zo da guzuri mai nauyi da wanda ya zo hannu rabbana. Shigan yana rataye da Talman, littafin al'ummarsu, a wuyansa, yana kuma iya jero salsalar gidan Jeriba har zuriya 200, kowane kaka da abin da ya aikata. Da aka nemi Davidge ya jero tasa, bai yi nisa ba ya tsaya. Sai ɗan Adam ya zama almajiri, ya haddace salsalar maƙiyinsa cikin harshen maƙiyin. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan, domin ya saba jin maroƙa suna jero sarakuna ɗaya bayan ɗaya a ƙofar fada, ya kuma san nauyin a ce da mutum ba shi da asali. Abin da Longyear ya yi na gwaninta shi ne ya mai da haddar nan igiyar da ta riƙe ran Davidge. Su Drac kowannensu mata-maza ne. Shigan ya yi ciki, ya rasu wajen haihuwa, bayan ya ɗora wa Davidge amanar jaririn, Zammis, da alkawarin zai kai shi ƙasarsu ya tsaya ya jero salsalarsa. Davidge ya zauna shi kaɗai cikin kogo da jaririn da bai san abin da ya ke ci ba, har ya yi tunanin kashe shi da kashe kansa. Naman maciji yana nan, wuta tana nan, sabo da haka ba yunwa ce ta kai shi bakin halaka ba. Alkawarin da ya ɗauka shi ya dawo da shi. Shafukan da yaron ya ke girma, yana kiransa kawu, yana tambayar dalilin da yatsunsa uku na kawu biyar, su ne mafi kyau a labarin duka.

Sashen ƙarshe bai kai wannan ba. Da aka cece su, aka raba su, sai labarin ya kama gudu: Davidge ya koma duniya ya tarar da ƙiyayya, ya fassara Talman ya sami kuɗin tafiya, ya je ƙasar Drac, ya jero salsala gaban Gothig mahaifin Shigan, ya gano Zammis a gidan mahaukata inda aka tsare shi sabo da son 'yan Adam, suka koma Fyrine. Abin da ya isa littafi guda an tura shi cikin 'yan shafuka, miyagun mutanen ɓangarorin biyu kuwa ba su da fuska, inuwa ce kawai. Duk da haka ya fi silimar da Wolfgang Petersen ya yi a 1985, wadda Dennis Quaid da Louis Gossett suka fito a ciki. A can an cusa 'yan fashi masu bautar da Drac a ramin haƙar ma'adini, aka sa Davidge ya ƙwato yaron da faɗa da harbi, aka bar jero salsala ya zama ɗan abin rufe taro.

Malaman da ke karantar da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, za su iya ajiye wannan kusa da shi, gama a can ma yaro ne da baƙon da ba ɗan Adam ba. Amma wanda ya yi niyyar juya shi zuwa Hausa zai ci karo da wani dutse. Longyear ya kira Shigan da lamirin da Turanci ke amfani da shi ga abin da ba namiji ba mace, Hausa kuwa ba ta da shi, ko dutse sai ta ba shi jinsi. In an ce "ya haifi Zammis" kunne ba zai ƙi ba, tun da uba ma yana haihuwa a Hausa. In an zo ga "ya yi ciki" da "ya fara naƙuda", kamar yadda aka rubuta a sama, a nan ɗaliban aji za su ɗaga kai.