Gatse da Habaici a Bakin 'Yar Wasa: Waiwaye a Kan Saratu Giɗaɗo (Daso)

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarun 1930, lokacin da R. M. East ya fitar da wasanninsa guda shida, nazarin wasan kwaikwayon Hausa ya fi karkata ga abin da aka rubuta a takarda. An yi ta bitar Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, ana fito da jigo da salo da zubi da tsari, har ɗalibai suka haddace hanyar. Da finafinan bidiyo suka kunno kai da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sai manazarta suka ɗauko wannan ma'aunin suka aza musu, suka ƙara da tambayar ko fim ya dace da al'ada ko ya saɓa mata. Ɗan wasa kuwa, wanda da bakinsa da fuskarsa labarin ke isa ga mai kallo, ba kasafai ake tsayawa a kansa ba, balle 'yar wasa.

Wannan maƙala za ta dubi aikin Hajiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso. Tushen gidansu Gombe ne, amma a Kano ta yi rayuwarta da sana'arta. An haife ta a 1968, ta fara fitowa a fim a shekarar 2000 cikin Linzami da Wuta na kamfanin Sarauniya, sannan aka gan ta a finafinai irin su Nagari da Gidauniya da Mashi da Sansani. Ta rasu a Kano ranar Talata, 9 ga Afrilu, 2024, jajibirin ƙaramar Salla, tana da shekara 56. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, gwanintar Daso ta harshe ce kafin komai, don haka nazarinta hakki ne a kan masana harshe kamar yadda yake a kan masana adabi.

2.0 Daga Dandali Zuwa Kaset

Ba da bidiyo mace ta fara kwaikwayo a ƙasar Hausa ba. A wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da fadawansa. A tashe 'yan mata kan yi Mairama da Daudu, su nuna zaman aure da 'yan rigingimunsa a ƙofar gidajen mutane. A tatsuniya kuma tsohuwa ita kaɗai ke sauya murya ta zama Gizo, ta zama Ƙoƙi, ta zama bora, ta zama mowa. Sai dai da wasa ya koma rediyo da talabijin, sunayen da suka yi tambari na maza ne: Samanja da Ƙasimu Yero a Kaduna, Karkuzu a Jos. Mata suna ciki, amma a gefe. Kasuwar kaset ce ta jawo su tsakiya, domin jigon da ya fi ciniki shi ne soyayya da zaman gida, kuma ba a yin rikicin cikin gida babu mata.

Daso ta shigo ne a daidai lokacin da Sangaya ya buɗe wa kamfanin Sarauniya kasuwa, aka raja'a a kan matasa masu rawa da waƙa. Ta shigo tana da shekara talatin da 'yan kai, ba a sahun 'yan matan da ake rera wa waƙa ba. Gurbin da ya rage wa irinta shi ne na uwar miji, da kishiya, da kishiyar uwa, da ƙawar da ke zuga. A nan ta zauna fiye da shekara ashirin, har sunan Daso ya kusa shafe na yanka.

3.0 Wa Ya Mallaki Maganar?

A nan ne batun ya shafi mai nazarin harshe kai tsaye. Galibin finafinan Hausa na shekarun farko ba su da cikakken rubutun zance. Abin da ake da shi tsarin fitowa ne: darakta ya bayyana wa 'yan wasa abin da zai faru, da inda ake son magana ta dosa, su kuma su zuba kalmomin da kansu. Idan haka ne, kalaman da suka fito daga bakin Daso a irin waɗannan finafinai, kaso mai yawa nata ne. Ita ce mawallafiyarsu, ko da sunan wani ne ya fito a matsayin mai labari.

Kwatanci da wata ƙasa zai ƙara fito da wannan. A shekarar da Daso ta rasu, Ingila ma ta yi rashin Maggie Smith, wadda ta taso daga dandamali ta shiga fim da talabijin, kuma a ƙarshen rayuwarta ta shahara da fitowa a matsayin dattijuwa mai kaifin baki a shirin Downton Abbey (2010 zuwa 2015). Amma baƙar maganar da ta yi suna da ita a shirin, Julian Fellowes ne ya rubuta mata. Nata shi ne furuci da sanin inda za a dakata. Daso ta haɗa ayyukan biyu, ba tare da an lissafa mata na farkon ba.

To, da me take aiki? Babban makaminta gatse ne, wato a faɗi magana ana nufin kishiyarta. Jimla irin "sannu da aiki" ko "kin kyauta" ba ta da aibu a rubuce. Amma idan aka ja wasalin ƙarshe, aka sassauta murya, aka kawar da kai gefe, ta zama mari. Karin sautin kalmomin bai sauya ba, domin da ya sauya da ma'anarsu ta ƙamus ta tafi. Abin da ya sauya shi ne rausayar jimlar gaba ɗaya da tsawon wasali. Wannan fage ne da littattafan nahawunmu suka taƙaita a kan jimlar tambaya da ta umurni, alhali matan Hausawa suna sarrafa shi kullum a tsakar gida.

Sai habaici, wanda ginshiƙinsa shi ne kauce wa ambaton wanda ake nufi. Mai habaici takan gudu daga wakilin suna na mutum na biyu ta fake a bayan lamirin da ba ya nuna kowa, ta ce "an dai ji kunya", ko ta ce "wasu", ko ta dubi bango ta kira wadda ke gabanta "yarinyar nan". Ƙaramar kalmar nan "wai" ma tana da aiki babba: da ita ake tsame kai daga magana, a kuma zubar mata da daraja a lokaci guda. Duk wanda ya kalli Daso a fitowar uwar miji ya ga yadda take jera waɗannan dabaru daki-daki, ta fara da sanyi kamar mai nasiha, ta bi da habaici, sai an tanka mata sannan ta fito fili da gori. Wannan hawa-hawa shi ne tsarin faɗan mata kamar yadda al'umma ta san shi, kuma shi ya sa mai kallo ke jin kamar ya taɓa zama gida ɗaya da matar da ke cikin akwatin.

Akwai kuma abin da ba kalma ba ne amma yana cikin zance: tsaki, da harara, da taɓe baki, da tafa hannu, da riƙe haɓa, da shewa. A wurin Daso waɗannan ba ado ba ne. Sau da yawa tsaki ɗaya ke tsayawa a madadin jimla sukutum, kuma wurin da ta ajiye shi, kafin magana ko bayanta, yana sauya nauyinsa.

4.0 Inda Aka Tauye Ta

Ba za a ce duk fitowarta ta yi armashi ba. Akwai finafinan da faɗa ke tsawaita har ya gundura, murya ta hau sama tun daga farko ta rasa inda za ta ƙara hawa. A ganina laifin ya fi rataya a wuyan daraktoci. Sun gano abin da kasuwa ke so daga gare ta, suka yi ta ɗebowa daga rijiya ɗaya. Muguwar macen da suke ba ta kuwa ba ta cika samun dalili ba. A tatsuniya ana iya yafe wannan, domin mowa muguwa ce don labari ya tafi, ba a tambayar abin da ya mayar da ita haka. Fim mai ikirarin nuna rayuwa bai kamata ya tsaya nan ba. Uwar mijin da ke takura wa matar ɗanta tana da tsoron da ke cinta: tsufa, da rashin abin hannu, da ganin ɗan da ta dogara da shi ya juya wa ɗakinta baya. Jefi-jefi akan hango wannan tsoro a fuskar Daso, cikin ɗan shirun da takan yi kafin ta buɗe baki, amma labarin ba ya ba shi wuri. Abin da ke jiranta a ƙarshe sananne ne, ko nadama ko tozarta, musamman bayan kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, lokacin da nuna sakayyar mugunta ya zama kariyar da masu fim ke riƙewa a gaban masu sukarsu.

Wani abin lura shi ne karin harshe. Hausar fim Kananci ce, kuma 'yan wasan da ke da tushe a Gombe, daga Daso da Ali Nuhu har zuwa Momee Gombe ta baya-bayan nan, da ita suke aiki. A gari irin Gombe, inda Hausa ke haɗa Fulani da Tangale da Tera da Bolawa da Waja a kasuwa ɗaya, finafinan nan sun shiga ɗakunan mata da salon maganar Kano fiye da yadda kowane littafin makaranta ya taɓa shiga. Sassan nazarin harsuna na Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere su ne suka fi kusa da wannan fage, kuma tambayar a buɗe take: wane ne daga cikin salon gatse da habaicin matan Gombe na yau gadon gida, wane ne kuma aka ɗauka daga kaset?

Matsalar da za ta fara tare mai wannan aiki ita ce ta kayan nazari. Finafinan farkon shekarun 2000 a kaset aka sayar da su, daga baya a faifan CD, kuma dukansu ba sa jure zafi da ƙura. Abin da aka ɗora a YouTube wani a yanke yake, wani muryar ta dushe, ga shi kuwa murya ita ce abin da ake nema. Ko an sami fim ɗin lafiya lau, sai an yi shawarar yadda za a rubuta abin da aka ji, domin ƙa'idojin rubutun Hausa na yau da kullum ba su nuna karin sauti ko tsawon wasali, balle su tanadi alamar tsaki. Wanda ya kwafe zancen Daso da rubutun boko tsurarsa zai tarar da "sannu da aiki" a takardarsa, gaisuwa sak, babu ko alamar marin da ke cikinta.